Yi Wa Kwamfuta Ƙaimi: Riba Ce Ko Ganganci A Zafin Tuboro?

Daga wakilinmu a Tuboro

Duk wanda ya san garin Tuboro shekaru ashirin da suka wuce, idan ya dawo yau zai tarar abubuwa da dama sun sauya, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne yawan kwamfutoci. Tun da aka shimfiɗa kwaltar da ta taso daga Ngaundere ta ratsa garin ta nufi Mundu a ƙasar Cadi, kaya suka samu hanyar shigowa cikin sauƙi. A da sai ka shiga ofishin gwamnati ko na kamfanin auduga na Sodecoton kafin ka ga kwamfuta a kan tebur, an lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya. Yau kuwa ga ta a shagunan buga takardu, ga ta wajen masu hoto, da masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya, da masu haɗa bidiyon biki, har da ma'ajin ƙungiyar manoma da ke riƙe da lissafin taki da iri. Mafi yawansu na gwanjo ne, sun gama yi wa wasu ofisoshi bauta a Turai ko Amurka, aka sauke su a Duwala ko Ikko, suka biyo ta Ngaundere ko Garwa kafin su iso hannunmu.

To, kwamfutar gwanjo dai an san ta da nawa. Wannan nawar ce ta sa wata magana ta fara yawo a tsakanin matasan da ke gyaran waya da kwamfuta, waɗanda suka yi karatunsu a makarantar YouTube, cewa akwai dabarar da ake shiga cikin na'urar a ƙara mata gudu ba tare da an sayi komai ba. Turawa na kiran dabarar obakulokin, amma mu a nan za mu kira ta yi wa kwamfuta ƙaimi, don kuwa ba ta da maraba da abin da mahayi ke yi wa doki a ranar hawan salla a Rey Buba. Dabarar gaskiya ce, ba tatsuniya ba. Abin tambaya shi ne, ga mai shago a Tuboro ko Mbaibum ko Collire wanda da wannan na'ura guda ɗaya yake ciyar da iyali, ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Mene ne ƙaimin?

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai wuce na kwalin ashana ba, wanda shi ne ƙwaƙwalwarta. Sunansa furosesa (kada mai karatu ya haɗa shi da furofesan jami'a, ko da yake dukkansu da kai suke ci). Wannan furosesa yana aiki ne da bugun wani agogo, tamkar yadda masu daka ke bin kiɗa, kowane bugu ya yi taki ɗaya na lissafi. Idan aka ce maka gudunsa gigahaz 3 ne, ana nufin agogon yana bugawa sau biliyan 3 a cikin daƙiƙa guda. Yi masa ƙaimi shi ne a shiga wani sashe da ake kira BIOS, wato shafin da ke fitowa kafin Windows ta buɗe, a ɗaga yawan bugun ya wuce abin da kamfani ya rubuta. Sau da yawa kuma sai an haɗa da ƙara ƙarfin wutar da ke shiga cikinsa, domin idan ba a ƙara ba sai ya riƙa tuntuɓe.

Mai karatu zai ce, to me ya sa kamfanin bai sake masa linzami tun daga masana'anta ba? Amsar manomin auduga zai fi kowa gane ta. Gona ɗaya ce, iri ɗaya, amma ranar awo sai a ware lamba ɗaya da lamba biyu. Haka furosesoshi suke, daga faranti ɗaya ake yanko su amma ba su zama daidai, sai a gwada kowanne a ba shi lambar gudun da aka tabbatar zai jure shekara da shekaru, cikin zafi da sanyi. Kamfani kan bar rara don gudun abin da ka je ya zo. Wannan rarar ce mai ƙaimi ke farauta, kamar direban da aka rubuta wa motarsa tan 30 ya ɗora 36, yana cewa ai ya san sun bar wuri.

Zamanin da abin ya yi riba

Don a yi wa dabarar adalci, akwai lokacin da ta kasance garaɓasa ta gaske. A shekarar 1998 kamfanin Intel ya fito da wani furosesa mai araha mai suna Celeron 300A, gudunsa megahaz 300. Sai masu bin ƙwaƙƙwafi suka gano cewa idan aka sauya lamba ɗaya kacal, daga 66 zuwa 100, sai ya koma 450, wato ƙarin rabi cur, yana gogayya da Pentium II mai tsadar gaske. Wajen shekarar 2000 kuma, masu amfani da Athlon da Duron na kamfanin AMD suka riƙa zana layi da fensirin makaranta a kan wasu ƙananan ɗigogi da ke saman furosesan, baƙin fensirin ya haɗa wayar da kamfani ya yanke, makulli ya buɗe. Core 2 Quad Q6600 na shekarar 2007, wanda har yau ana iya tarar da irinsa a tsofaffin shaguna, yana tashi daga gigahaz 2.4 zuwa 3 idan aka rufe ƙafa ɗaya daga cikin ƙafafunsa da ɗan gutsuren salatif, muddin allon da aka dasa shi a kai ya yarda. A 2011 ma Core i5-2500K ya yi suna, don da yawa sun ɗaga shi daga 3.3 zuwa wajen 4.5 ya zauna lafiya.

Waɗannan labarai su ne har yanzu ke kaɗa matasa. Sai dai an ce kowane zamani da nasa riga. Tun a 2008 Intel ya sa wa furosesoshinsa wata dabara mai suna Turbo Boost, AMD ma ya biyo da tasa a 2010, ya kuma inganta ta a jerin Ryzen daga 2017. Ma'anarta ita ce furosesan yana yi wa kansa ƙaimi. Yana duba zafin jikinsa da wutar da yake sha, idan ya ga da hali ya zabura, idan aiki ya ƙare ya koma taku. A taƙaice, rarar da ake farauta a da, kamfani ya riga ya kwashe ta ya sayar maka a cikin farashi. Shaida a kan haka ita ce wani shago a Amurka mai suna Silicon Lottery, wanda sana'arsa ita ce gwada furosesoshi ya ware masu jure ƙaimi ya sayar da tsada, ya rufe a 2021, kuma cikin dalilan da ya bayar har da ƙarancin rarar da ta rage a sababbin kaya. A wannan shekarar ce kuma Intel ya daina sayar da inshorar da yake yi wa masu ƙaimi.

Gasar ba ta mutu ba. A watan Disamba na 2022 wasu gwanaye sun haura gigahaz 9 da Core i9-13900K. Amma da ruwan iskar hiliyom suka sanyaya shi, mai sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma na ɗan lokaci kaɗan ne, a ɗauki hoton allo a kashe. Sukuwar salla ce, ba a zuwa gona da ita.

Irin kayan da ke hannunmu

Kafin ma a kai ga batun riba ko hasara, ya kamata mai shago ya san cewa galibin kwamfutocin da ke ƙasar nan ba su karɓar ƙaimi sam. Waɗannan Dell OptiPlex da HP da Lenovo ThinkCentre da suka cika kasuwa, don ofis aka ƙera su, kuma da gangan aka cire wurin taɓa gudu daga BIOS ɗinsu. A ɓangaren Intel, sai furosesan da lambarsa ta ƙare da harafin K ko X ne ake bari a buɗe, shi ma sai an dasa shi a kan allo na musamman, galibi mai lambar da ta fara da Z. Na AMD Ryzen akasarinsu a buɗe suke, amma ba su ne suka fi yawa a gwanjo ba. Kwamfutar cinya kuwa, wato laftof, kada ma a soma. Fankarta guda ce ƙarama, da ƙyar take fitar da zafin da aka tsara mata.

Saboda haka idan wani yaro ya karɓi kuɗinka ya ce ya ƙara wa HP ɗinka ta ofis gudu, abin da ya fi yiwuwa shi ne ya goge wasu tarkacen manhajoji da ke tashi tare da Windows, ka ga ta ɗan sake. Wannan aiki ne mai kyau, a biya shi ladansa, amma a kira shi da sunansa.

Zafi da ƙura

A nan gizo ke saƙa. Duk wutar da ta shiga furosesa zafi take komawa, kuma lissafin ba ya tafiya kai da kai. Idan ka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, zafi ya ƙaru da kashi 10. Amma ƙarfin wuta ninki yake yi a kan kansa, ƙarin kashi 10 yana jawo ƙarin zafi na kashi 21. Haɗa biyun sai ka samu kusan kashi 33. Wato ka nemi ƙarin gudu na ushiri, ka biya da ƙarin zafi na sulusi. Furosesan da ke fitar da wat 65 ya koma wajen 86, alhali fankar da ke kansa ita ce dai ta jiya.

Su waɗanda matasanmu ke kallo a bidiyo, a ɗaki mai na'urar sanyaya iska suke gwajinsu, inda zafin bai wuce digiri 22 zuwa 25 ba. Mu kuwa kowa ya san yadda watannin Maris da Afrilu suke a jihar Arewa, inda a Garwa ma'auni ke haura 40 da rana, Tuboro ma ko da ta ɗan fi sauƙi, shagon kwano mai ƙofa ɗaya da ƙarfe biyun rana ba ya bambanta da tanda. Fanka ba ta ƙirƙiro sanyi, iskar ɗaki take ɗiba ta hura. Kowane digiri da ya ƙaru a ɗakin, kusan shi ne ke ƙaruwa a jikin furosesan. Ke nan tun ba a taɓa komai ba, mun riga mun ci bashin digiri 15 ko fiye a kan Bature. Rarar da kamfani ya bari, yanayin ƙasarmu ya riga ya cinye ta.

Sannan ga ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne, ga manyan motoci na tayar da tasu a kan hanya, ga burbushin auduga da ke yawo a iska lokacin kaka da awo. Duk wanda ya taɓa buɗe cikin kwamfutar da ta yi rani biyu a shago ya ga abin da nake faɗa, wani bargo ne mai kauri ke kwanciya tsakanin fanka da ƙarfen da ke zuƙe zafi, har ka iya ɗago shi da yatsa kamar fatar kunu. Iska ba ta wucewa, sai ƙara kawai fankar ke yi.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi ban dariya. Furosesan zamani yana da wayon kare kansa, idan zafinsa ya doshi digiri 100 (na Ryzen da yawa 95) sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Sai ka ga wanda ya yi ƙaimi don neman sauri ya samu na'urar da ke zabura na minti biyu sannan ta koma rarrafe, ƙasa da yadda take kafin a taɓa ta. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Kada kuma a ɗauka ƙarin wuta ba ya cin jiki a hankali. A 2024 Intel da kansa ya amince cewa wasu manyan furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda ƙarfin wuta da ya yi musu yawa, sakamakon kuskure a cikin umarnin da ke sarrafa su, har ya fito da gyara ya kuma ƙara wa masu su garantin shekara biyu. Idan injiniyoyin da suka ƙera abin sun iya yin zarɓaɓi a ma'aunin wuta, ina ga wanda ke kwaikwayon lambobi daga bidiyon wani? Su ma can sun samu garanti. Kayan gwanjo kuwa, garantinsa yana ƙarewa ne a bakin ƙofar shagon da ka saya.

Batun wuta

Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda 'yan Sin suka kammala a 1982, mai ƙarfin megawat 72. Mutanen Garwa da Marwa da Ngaundere ba za su manta da ɗauke wutar da aka sha a 2020 da 2021 ba, lokacin da ruwan madatsar ya ja baya, abin da ya sa daga baya aka kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar. A garuruwa irin namu da ke can gefe, shago da yawa ba su da madogara sai janareta ko faifan sola da batir. Wutar ƙaramin janareta kuwa hawa da sauka take, musamman idan an haɗa ta da injin fotokofi. Na'urar da aka matsa ta har bakin iyakarta ita ce ta fi saurin faɗuwa idan wuta ta yi rawa, balle ma akwatin raba wutar da ke cikin kwamfutar ofis ƙarami ne, an auna shi daidai bukatarta.

Mai sola ya yi wannan lissafin da kansa. Ƙarin wat 21 da muka ambata, idan na'urar na aiki mai nauyi na awa 10, ya zama wat-awa 210. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 ne, kuma idan irin na darma ne ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 600. Kashi ɗaya cikin uku na abin da kake da shi ya tafi a kan gudun da ba lalle ne ka gan shi da ido ba.

Ina nawar take?

Ga abin da ya kamata a fara tambaya. Mai buga takarda a Word, ko mai lissafi a Excel, ko mai duba sakamakon jarrabawa a intanet, furosesansa yawancin lokaci a zaune yake yana hamma. Duk mai shakka ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, shafi zai buɗe ya nuna masa kashi nawa na ƙarfin kowane sashe ake amfani da shi. A tsofaffin na'urori abin da aka fi gani shi ne furosesa na kan kashi 10 ko 20, amma faifan ajiya ya maƙale a 100, ram kuma ta cika maƙil. Idan jaki ne ke jan amalanke, ko ka yi wa dokin da ke ɗaure a baya ƙaimi har jini ya fito, tafiyar ba ta sauyawa.

Tsohon faifan ajiya mai juyawa yana karanta wajen megabait 100 ne a daƙiƙa idan fayil ɗin babba ne a jere, idan kuwa ƙanana ne a warwatse, sai allurarsa ta yi ta kai da kawowa. Sabon nau'in da ake kira SSD ba shi da abin da ke juyawa, mai arahar cikinsu yana kai wajen 500, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli ya ninka tsohon sau da dama. Kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu ko uku kafin ta farka, da SSD ba ta cika wuce rabin minti ba. Bugu da ƙari ba ya tsoron girgiza, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga kayan da ake ɗorawa a bayan babur. Ram kuma, mai gigabait 4 ya mai da ita 8. Ɗaliban da suka karɓi ƙananan kwamfutocin nan na PB HEV da gwamnati ta fara rabawa a jami'o'i a ƙarshen 2017 sun san wannan darasi, domin da ram gigabait 2 da ma'ajiya 32, shafi huɗu ka buɗe a intanet ta fara nishi, kuma babu ƙaimin da zai yi maganin wannan.

Sauran kuwa aikin rabin awa ne, a buɗe a kakkaɓe ƙura da burushi mai laushi da abin hura iska, a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen kansa a shafa sabo ɗan ƙwaya, a ɗaga akwatin daga ƙasa a nisanta shi da bango. Na'ura da yawa da ake zargi da tsufa zazzaɓi ne kawai ke damunsu, da zafin ya sauka sai gudunsu na asali ya dawo. Idan kuma intanet ce ke jan ƙafa, wannan tsakaninka da eriyar MTN ko Orange ne, furosesa ba shi da laifi. Haka nan ƙaimi ba zai sa tsohuwar na'ura ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, tun da Microsoft ya janye tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sabuwar kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa.

Kuskuren da ba ya ihu

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan al'amari ba ƙonewa ba ce, don ita ba kasafai take faruwa nan take ba. Furosesan da aka matsa wa yakan yi kuskuren lissafi jefi-jefi. Idan ka yi sa'a allo ya yi shuɗi na'urar ta mutu, ka san da matsala. Idan ba ka yi sa'a ba sai ta ci gaba da aiki kamar babu komai, alhali fayil ɗin da ta adana ya gurɓace, sai ranar da aka zo buɗewa ya ƙi. A ɗauka lokacin haɗa takardun jarrabawar BEPC ko bakaloriya ne, ko na gasar shiga aikin gwamnati, yara sun yi layi a ƙofar shago, gobe za a rufe karɓa. Ko ma'ajin ƙungiya ne da jerin sunayen manoma da bashin takin kowa, ranar biyan kuɗin auduga ta zo fayil ya ce bai san zance ba. A ƙauye wa zai yarda cewa na'ura ce? Sunan mutum ne zai ɓaci, kuma ba a sayen wani a kasuwa. Mu ma a gidajen rediyon al'umma, kwamfutar da ke sakin shirye-shirye takan yi awa goma sha tana aiki ba hutu, kuma abin da muke nema gare ta ɗaya ne, kada ta tsaya ana tsakiyar sanarwar rasuwa ko ta rigakafi. Ko da kyauta aka ce za a ƙara mata gudu, ni dai ba zan sa hannu ba.

Akwai kuma batun algus. A shekarun 1990 wasu 'yan damfara sun riƙa kankare lambar da ke jikin Pentium su buga wadda ta fi ta, su sayar da tsada, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Intel ya fara kulle gudun furosesoshinsa. Hali bai mutu ba. Sunan da Windows ke nunawa a shafin bayanin na'ura ana iya sauya shi da ɗan rubutu. Duk mai sayen kwamfuta, ko a Garwa ko a kasuwar Mbaibum inda ƙasashe uku ke haɗuwa, ya nemi a buɗe masa BIOS ya karanta da idonsa, ko ya riƙe ƙaramar manhajar nan ta kyauta mai suna CPU-Z a filashinsa ya gwada kafin ya ƙirga kuɗi.

Su wa zai amfana?

Ba za a ce babu ba. Mai haɗa bidiyon biki, da mai matse fina-finan Kano su koma ƙanana don su shiga katin waya, su furosesansu na aiki ne da dukkan ƙarfinsa, kuma duk ƙarin gudu suna ganinsa a agogo. Amma nawa ne? Ƙarin kashi 10 yana mai da aikin minti 60 ya koma kamar 55. Minti biyar ke nan a awa, ko shayi ba a gama dafawa ba. Sai dai wanda ya yi dace da tsohon 2500K ko Pentium G3258 na 2014 a kan allon da ya dace, wanda ke iya samun ƙarin kashi 25 ko 30, shi kam maganarsa daban ce, idan ya sayi babbar fanka kuma ba da na'urar yake ajiye amanar mutane ba. Matashi mai son koyon sana'a shi ma ban hana shi ba, da taɓawa ake zama gwani, amma ya yi a kan tsohuwar da ya saya da kuɗinsa, kada ya koyi aski a kan marayu, wato kayan kwastoma.

Hasali ma, abin da ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne akasin ƙaimi, wato jan linzami. A cikin tsarin wuta na Windows akwai wurin da aka rubuta iyakar ƙarfin furosesa kashi 100, idan aka mai da shi 99, a laftof da yawa wannan na hana shi zabura, zafi ya sauka, fanka ta yi shiru, batir ya ƙara daɗewa, mai buga takarda kuma ba zai ji wani bambanci ba. Gwanaye na rage ƙarfin wutar ma kai tsaye, ko da yake tun bayan wata ɓaraka ta tsaro da aka gano a 2019 kamfanoni sun toshe wannan ƙofa a na'urori da dama.

Wanda kuwa ya ce shi sai ya gwada, to ya fara kwafe duk abin da ke ciki zuwa wani wuri. Ya riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, megahaz 100 a kowane mataki, ya bar ƙarfin wuta yadda yake muddin zai yiwu. Bayan kowane mataki ya saki manhajar gwaji irin Prime95 ta yi awoyi, yana kallon zafi da HWMonitor, idan ya ga ya haura digiri 85 ya koma baya. Gwajin kuma da tsakar rana za a yi shi, a cikin shagon, ƙofa yadda aka saba barinta, domin lambar da ta zauna lafiya da asubahin Janairu ba lalle ta kai la'asar ɗin Afrilu ba. Idan aka wuce gona da iri har allo ya ƙi kawo haske, a zare waya daga bango, a buɗe akwatin, a cire ɗan batirin nan mai kama da sulalla da ke kan allo, lambarsa CR2032, a jira minti biyar a mayar. BIOS zai koma yadda kamfani ya tsara shi, sai a gyara kwanan wata da agogo.